Zafin Makka ne ko al'ada ce ke shirin ɗaukewa?

Maman Rayyan (Shari' Mansur, Makka):
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina da tambaya, don Allah kar a yi mini dariya. Shekarata 47. Tun bayan Hajjin bara al'adata ta rikice, wani lokaci ta zo da wuri, wani lokaci ta tsallake wata biyu, in ta zo kuma sai na rasa ƙunzugun da zai riƙe ta. Wannan ma da sauƙi. Abin da ya fi damuna wani zafi ne da ke taso mini daga ƙirji ya hau wuya ya mamaye fuska, kamar na leƙa tanderun mai tamis, sai gumi ya karyo, can kuma sanyi ya kama ni. Da dare mukayyaf, wato na'urar sanyaya ɗaki, na kan 18, maigida ya dunƙule cikin bargo yana mita, ni kuwa na jiƙa matashi sharkaf. Barci ya ƙaurace mini, yara sun fara cewa Mama ta zama masifaffiya. Sallah ma na rasa gane ranar da zan yi da ranar da zan bari. Shin ɗaukewar al'ada ce ta zo, ko wani ciwon ne? Me kuka yi ku da kuka riga ni?

Hajiya Inna (Misfala):
Wa alaikumus salam 'yata. Girma ne ya ƙwanƙwasa ƙofa, ba ciwo ba ne. Iyayenmu da suka zauna Jarwal ba mukayyaf ba firji, wa ya kai su wurin duktura a kan wannan? Ki je wurin attar, mai sayar da kayan gargajiya, ki sayi ganyen maramiyya ki riƙa dafawa da dare, ki haɗa da hulba da ɗan habbatus sauda a zuma. Ki rage gahawa da yaji. Shekara ɗaya ko biyu zai wuce, ki huta da ƙunzugu, azuminki ya cika talatin, dawafi duk ranar da kika ga dama.

Ummu Faisal (Jidda):
Hajiya Allah ya ƙara girma, amma ba kowa ce ke gamawa a shekara biyu ba. Ni na yi haƙurin, na sha maramiyyar har gidana ya koma warinta. Ina koyarwa ne, sai in tsaya gaban ɗalibai kalma ta ɓace mini fat, gumi na bin bayana cikin abaya. Sai da duktura ta ɗora ni kan maganin homon, mai mayar wa jiki sinadarin mata da ya ragu, sannan na san barcin dare ya dawo duniya. Iyayenmu sun jure, gaskiya ne, amma sun jure haihuwa a gida ma, yanzu wa ke cewa kar a je mustashfa?

Autar Mama (Makka):
Wallahi kamar mahaifiyarmu ake bayani. Faɗuwar gaba, kuka ba dalili, ta farka tsakar dare zuciyarta na dukan uku-uku. Dangi suka ce iska ce, wasu suka ce kishiya ce ta yi mata aike. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, har gaba aka yi da gidan Baba ƙarami a kan haka. Ba wanda ya kawo zancen shekarunta, alhali 50 take.

Sista (ungozoma, Madina):
Maman Rayyan sannu, Allah ya ba ki lafiya. Abin da kika lissafa ya yi daidai da shekarun gab da ɗaukewar al'ada. Yawancin mata tana ɗauke musu tsakanin 45 da 55, kuma ba a cewa ta ɗauke sai an yi wata 12 cur ba a ga jini ba. Kafin nan akwai shekarun rikici, su kike ciki. Ƙwan da ke ma'ajiyarsa ne ke ƙarewa, sinadarin mata da ake kira istirojin ya riƙa hawa da sauka kafin ya yi ƙasa gaba ɗaya. Wurin da ke daidaita zafin jiki a ƙwaƙwalwa ya saba da wannan sinadari, da ya ragu sai ɗan ɗumi kaɗan ya sa ƙwaƙwalwa ta ɗauka jiki ya ɗau zafi, ta buɗe jijiyoyin fata ta saki gumi. Shi ya sa mukayyaf bai hana shi zuwa.

Hajiya Inna, ku yi haƙuri zan ɗan saɓa muku a kan shekara biyun nan. Wani babban bincike da aka bi mata shekara da shekaru a Amurka, aka fitar a 2015, ya nuna masu yawan zafin nan sukan kai shekara bakwai da 'yan watanni suna fama, baƙaƙen fata kuma sun fi kowa daɗewa, wajen shekara goma. To mace ta yi shekara goma ba barci, ga aiki ga miji ga yara, ai ba ƙaramin abu ba ne.

Amma ni jinin ne ya fi tsaya mini a rai. In kina jiƙa ƙunzugu duk awa, ko jinin na wuce kwana bakwai, ko yana zuwa da guda-guda manya, ko kina ganinsa bayan kwanciya da maigida, kar ki ce shekaru ne kawai. Ki je markaz sihhi ko mustausaf, wato ƙaramin asibiti, a yi miki tahlili, wato gwajin jini, a ga ko ya yi ƙasa, a duba gudda, wato abin nan na wuya da ke kawo maƙoƙo, don in ta yi aiki fiye da ƙima ita ma tana kawo gumi da bugun zuciya da rashin barci. A yi hoton mahaifa kuma. Gwajin homon ɗin kansa, mace in ta haura 45 ba lallai ba ne, yau ya nuna sama gobe ya nuna ƙasa, kuɗinki kawai za ki zubar.

Mai Turare (Jidda):
Ni dai ina jin tsoron maganin homon ɗin nan. Kowa ya san kansar nono yake kawowa, Turawan da suka yi shi ma sun gudu sun bar shi. Muna da namu na gargajiya, ga tsimi ga gumba ga haɗin dabino da madara, mace ta dawo yarinya. Me ya kai mu?

Ummu Faisal (Jidda):
Anti Mai Turare, mai kaya dole ya yabi kayansa. Tsimi ne zai hana ni gumin dare?

Mai Turare (Jidda):
Ummu Faisal ban kira sunanki ba. Ba talla nake ba, wadda ta saya ta saya, wadda ba ta saya ba Allah ya ba ta lafiya.

Sista (ungozoma, Madina):
A yi haƙuri, tsoron Anti yana da asali, bari in faɗi inda ya samo. A 2002 aka tsayar da wani bincike a Amurka mai mata sama da 16,000, saboda an ga masu shan istirojin haɗe da wani homon ɗin irin furojestaron sun ɗan fi samun kansar nono da gudan jini da shanyewar ɓarin jiki. Labarin ya zaga duniya, mata suka watsar da magani. Abin da bai zaga ba shi ne girman ƙarin da kuma su wane ne matan. Ƙarin kansar nonon mace 8 ne cikin 10,000 a shekara. Matan kuma matsakaicin shekarunsu 63, da yawansu sun daɗe da daina al'ada. Da aka sake zama a kan alƙaluman, sai likitoci suka tsaya a kan cewa macen da ba ta kai 60 ba, ko ba ta wuce shekara 10 da ɗaukewar al'ada ba, in lafiyarta ƙalau kuma zafin na wahalar da ita, amfanin maganin ya fi haɗarinsa. Har yau ba a sami abin da ya kai shi kashe zafin nan da gumin dare ba, yana kuma kare ƙashi.

Haɗarin bai ɓace ba, kar a ce Sista ta ce. Wadda ta taɓa yin kansar nono, ko gudan jini a ƙafa ko huhu, ko shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon hanta mai tsanani, ko take zubar jinin da ba a gano dalilinsa ba, wannan ba nata ba ne. Sannan mai mahaifa ba ta shan istirojin shi kaɗai, dole a haɗa mata da furojestaron, in ba haka ba bangon mahaifa ya yi ta kauri har ya iya rikiɗa ya zama kansa. Wadda aka cire wa mahaifa ce kaɗai ke shan shi zalla. Wannan ne ya sa nake faɗa da masu aron magani wurin ƙawa. Na shafawa da na liƙawa a fata sun fi na haɗiya sauƙi ta fuskar gudan jini, don ba sa fara bi ta hanta, mai ƙiba ko hawan jini galibi su ake zaɓa mata. Masu zubar jini da yawa irin Maman Rayyan kuma akan sa musu Mirena, 'yar roba mai homon, a mahaifa, ta rage jinin, ta kare bangon mahaifar, ta hana ɗaukar ciki, aiki uku a tafi ɗaya.

Ummu Faisal (Jidda):
Na liƙawar aka fara ba ni, ana canja shi sau biyu a sati. Amma wadda ta san raɓar Jidda a watan takwas ta san sauran, kafin la'asar gefensa ya ɗago, ya bar mini shatin baƙin danƙo a mara, in na sa hannu in gyara ya naɗe. Duktura ta mayar da ni na shafawa. Bayan wankan safe nake shafa shi a cinya, in tsaya gaban fanka ya bushe kafin in sa kaya. Ƙwayar furojestaron kuma da dare, tana sa ni barci ma. Mamogiram, wato hoton nono, ina yi a kan kari, wannan sharaɗi ta kafa mini tun ranar farko.

Malama (Rusaifa):
Bari in taɓa ɓangaren sallar, don shi ne mata suka fi tambayata a Harami. A mazhabarmu ta Malikiyya mafi yawan haila kwana 15 ne. Mai al'ada sananniya, in jini ya zarce kwanakinta, za ta ƙara kwana uku a kan mafi tsawon al'adarta matuƙar ba ta haura 15 ba, abin da ya wuce nan jinin ciwo ne, ta yi wanka ta yi sallah ta yi azumi, ta yi ƙunzugu mai kyau ta yi dawafinta. Tsarki tsakanin haila biyu kuma mafi ƙarancinsa kwana 15. Game da shekaru, malamanmu sun ce daga 50 zuwa 70 a tambayi mata masana, bayan 70 ba haila ba ce. A Hambaliyya da muke zaune cikinsu, sanannen zance shi ne babu haila bayan 50, ko da yake wasu manyan malamansu sun ce ba a sa wa abin iyaka da shekaru. Shi ya sa za ki tambayi shehi a nan ya ba ki amsa, ki kira malaminki na gida ya ba ki wata, ki rikice. Ki riƙe guda ɗaya, ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta ranar zuwa da ranar ɗaukewa. Littafin nan zai yi miki amfani wurin malami, ya yi miki wurin duktura.

Masu tambayar azumi kuma, majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1997 ta lissafa abin da fata ke tsotsa, irin man shafawa da magani na liƙawa, cikin abubuwan da ba sa karya azumi.

Maman Rayyan (Shari' Mansur, Makka):
Malama Allah ya saka da alheri. To Sista, goman ƙarshe na Ramadan fa? Maƙwabciyata ta ce in sha Primolut N in tsayar da jinin, ita haka take yi duk Hajji.

Sista (ungozoma, Madina):
Kar ki karɓa a hannun maƙwabciya. 'Yar shekara 25 daban, ke daban. A shekarunki, in akwai hawan jini ko ƙiba ko ciwon kan ɓari ɗaya, sai likita ya auna. Kuma jinin da ba a san dalilin yawansa ba, ba a rufe shi da ƙwaya, dubawa ake fara yi.

'Yar Maiwurno (Riyad):
Salamu alaikum ya jama'a. Ni abin da ba wadda ta faɗa zan faɗa, kunya ba ta magani. Ni'ima ce ta ɗauke mini ƙaf. Kwanciya ta zama azaba, ga raɗaɗi ga fitsari akai-akai. Mu a Sudan kun san mu da dukhan, wato turara jiki da hayaƙin itace, tun ina amarya nake zama kan ramin ɗalha in lulluɓa da shamla, to yanzu ina zama zafin nan ke taso mini sai na yaye na fito. An ce sanyi ne, na sha maganin sanyi kala-kala daga saidaliyya, wato kantin magani, ba canji. Maigidana Abu Muhammad ya fara ɗauka ƙinsa nake yi.

Hajiya Inna (Misfala):
Ke 'yar nan, ana faɗin wannan a bainar jama'a?

'Yar Maiwurno (Riyad):
Hajiya ai mu mata ne zalla. In ban faɗa a nan ba, a ina zan faɗa, gaban surukata?

Mai Turare (Jidda):
Wannan kam fannina ne. Ki riƙa zama cikin ruwan bagaruwa, ki yi matsi da miski, sati ɗaya ki ba ni labari.

Sista (ungozoma, Madina):
Anti don girman Allah a'a. Bagaruwa da alif da miski da hayaƙi duk busarwa suke, ita kuma bushewar ce ciwonta. 'Yar uwa, abin da kike ji ba lallai sanyi ba ne. Istirojin ne ke riƙe da kauri da danshin fatar gaba da ta mafitsara, in ya ragu fatar ta yi siriri, ta riƙa tsagewa da ɗan gogayya. Mata nawa na gani sun sha maganin kashe ƙwayoyin cuta har cikinsu ya lalace, alhali ba ƙwayar cutar. Kuma wannan bai bin sahun zafin jiki da kan lafa da kansa, in an bar shi ƙaruwa yake. Akwai man santsi na ruwa da ake sayarwa a saidaliyya don lokacin kwanciya, akwai na danshi da ake sawa duk bayan kwana biyu ko uku. In ba su isa ba, likitar mata ta rubuta miki istirojin na gaba, kirim ko 'yar ƙwaya ta matsawa. Kaɗan ne ƙwarai ke shiga jini, shi ya sa mata da yawa da ba a ba su na jiki duka ana ba su wannan. Ki daina wanke ciki da sabulu. Abu Muhammad kuma ki zaunar da shi ki gaya masa, namiji in ba a faɗa masa ba fassarar da ta fi muni yake ɗauka.

Maman Biyu (Ɗa'if):
Sista, facalata shekararta 49, wata biyar ba ta ga al'ada ba, ta dage ciki ne ya kwanta, har rubutu ake mata na tayar da shi. Mun rasa yadda za mu gaya mata.

Sista (ungozoma, Madina):
Ku saya mata abin gwajin ciki na fitsari, riyal kaɗan ne, in ya nuna babu a yi hoto ta gani da idonta. Amma kar ku yi mata dariya, don akasin haka ma na faruwa. A shekarun rikicin nan ƙwai na fita jefi-jefi, na karɓi haihuwar matan da suka zo da jikokinsu rakiya. Wadda ba ta son ciki ta ci gaba da tsarin iyali har shekara biyu bayan jinin ƙarshe in ba ta kai 50 ba, shekara ɗaya in ta haura. Maganin homon na ɗaukewar al'ada kuma ba ya hana ciki.

Saƙo daga wata 'yar uwa, ta ce a sakaya sunanta:
Ina aikin gida ne, shekarata 54. Al'ada ta ɗauke mini fiye da shekara biyu, sai ga shi satin nan na ga jini kaɗan, ruwan ƙasa-ƙasa. Ba ciwo. Iƙamata, wato takardar izinin zama, ta ƙare, ina tsoron zuwa asibiti. Na ce ko al'adar ce ta dawo, har na ajiye sallah.

Sista (ungozoma, Madina):
Yaya, wannan saƙon ya fi duk na sama gaggawa. Jini bayan shekara guda da ɗaukewa, ko ɗigo ɗaya ne, ko ba ciwo, dubawa ake. Yawanci sirancewar fatar nan ce da na faɗa, ko ɗan tsiro marar illa. Amma kusan mace ɗaya cikin goma masu irin wannan jini akan samu kansar bangon mahaifa, ita kuwa in an kama ta da wuri ana warkewa sosai. Hoto za a yi ta gaba a auna kaurin bangon, in ya wuce milimita 4 a ɗebi ɗan nama a gwada. Kar ki jira ya sake zuwa.

Malama (Rusaifa):
Ki tashi ki yi sallarki 'yar uwa har likita ta duba, jinin da ya zo a wannan siffa bayan shekara biyu ya fi kusa da na ciwo.

Ummu Faisal (Jidda):
In a Jidda take, a ba ta lambata ta gefe. Akwai inda nake kai mai taya ni aiki, kuɗi hannu suke karɓa. Ranar hutunta ni zan ɗauke ta, kuɗin hoton kuma a bar mini.

Mai Turare (Jidda):
Na tahlil ɗin a kaina. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Autar Mama (Makka):
Sista, Mamanmu an taɓa cire mata ƙari a nono, tana shan tamoksifen, maganin kansar nono. Ke nan ita ba ta da mafita sai haƙuri?

Sista (ungozoma, Madina):
Tana da ita. Akwai magungunan da ba homon ba ne kuma suna rage zafin, irin su benlafaksin da gabafentin, duk sai da takardar likita. Akwai faroksetin ma, amma ita kar a ba ta shi, yana rage ƙarfin tamoksifen. Wani sabo mai suna Veozah ya fito a Amurka a 2023, kai tsaye yake aiki a wurin daidaita zafi na ƙwaƙwalwa, sai dai ana bin sa da gwajin hanta. Kayan attar da ƙwayoyin waken suya masu ƙarfi kuma kar ta sha sai ta nuna wa likitanta na kansa. Kukan da faɗuwar gaban a gaya wa likita su ma, kar a ɓoye. Ruƙiyya ba ta hana zuwa asibiti.

Abu ɗaya da ya shafe mu duka, har da Hajiya Inna da ta gama: ƙashi. Shekarun farko bayan ɗaukewa ƙashi na zubewa da sauri ba tare da an ji komai ba, sai ranar da aka zame a banɗaki ƙugu ya karye. Ga rana har ta yi yawa a ƙasar nan, amma daga gida sai mota sai gida, ga abaya, ga fatarmu baƙa da ke buƙatar rana fiye da ta farare, shi ya sa ƙarancin bitamin D ya yi mana katutu. Mace in ta haura 50 tana buƙatar kalsiyam wajen miligiram 1,200 a rana. Laban da zabadi da jubna, wato nono da yogot da cuku, da sardin mai ƙaya da riɗi duk suna da shi. A riƙa tafiya da ƙafa bayan isha, a hau bene. Mai tambayar gaggawa kuma 937 na ma'aikatar lafiya na amsawa dare da rana.

Hajiya Inna (Misfala):
Tafiya kam ina yi, daga gida zuwa Harami da ƙafa nake zuwa asuba. Maramiyyata dai ba zan bari ba, ni ta yi mini. Sista ki karanto mini zancen ƙashin nan da murya, rubutunki ya yi wa idona tsawo, kuma ki faɗi sunan gwajin ƙashin da Larabci yadda zan gaya wa Walid ya kama mini layi a manhajar lafiya ta Sehhaty.